Daɓen Mma Azara

Kwali goma sha biyu na sauke a Aboabo.
Mai amalanke ya ɗaga ɗaya, ya ce, "Biskit ne?"
Na ce tayil ne, amma na ɓawon itace,
irin abin da ake toshe bakin kwalba.
Ya karɓi sidinsa yana dariya.

Mai shago a Adum ya ja mini kunne:
kada ka shimfiɗa yau,
bar su kwana uku su sha iskar ɗakin.
Mma ta ji, ta ce, "Ashe suna da tarbiyya.
Kakanka da ya zo fataucin goro
kwana uku ya yi a zaure
kafin ya tambayi kuɗin komai."

Shekara talatin tana tsaye kan tukunyar wake da shinkafa.
Tsayuwa ta ci gwiwa, hayaƙi ya ci ido,
sanyin siminti kuma, in damina ta zauna a Kumasi,
har ƙugu yake hawa mata a sujada.

Na share, na kankare, na cike ramuka.
Ga inda ƙafar gado ta ci,
ga tabon da kurfoti ya bari,
ga tafin Munkaila, yatsu biyar,
tun yana rarrafe siminti bai bushe ba.
Wannan na daɗe a kansa,
cokalin gini a hannu, kwaɓi yana sandarewa.

Zare da alli, na raba ɗakin huɗu,
don daga tsakiya ake farawa.
A nan na gane bangon Baba bai miƙe ba.
Da ido ya gina,
ido kuwa ba ya ganin laifin mai shi.

Na shafa gam, na zauna jira
sai ya daina bin yatsa.
Wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya,
wari ya kore ni bakin ƙofa,
inda Mma take jan carbi tana lissafa asarata.
Ɗaya bayan ɗaya, baki da baki.
Wanda ya zauna ya zauna ke nan,
gam ba ya jin "yi haƙuri."
Biyu na ɓata, na ɓoye su ƙarƙashin gado.
Jikin bango na bar rata, kaurin ƙaramin yatsa,
wai abin yana numfashi, yana kumbura da ruwa.

Ba mu da abin dannewa.
Muka kwantar da turmin sakwara,
Fusena da ƙaninta suna gangara shi
daga gabas zuwa yamma har aka kira magariba.

Ran Juma'a ta cire silifa ta taka.
Ta tsaya. Ta sake takawa.
"Kamar bayan tunkiya," in ji ta,
ta yi sallah ba ta nemi kujera ba.
Na fita waje ina jin kaina.

Kwana biyu, na shigo da koko da safe,
ta zabura har carbi ya faɗi.
"Wa ke nan?"
Na ce ni ne, Inusa.
Ta ce, "Da can ba sai ka faɗa ba.
Kai kana jan ƙafar hagu,
Fusena dunduniya take bugawa,
ubanku kuwa sai ka ce ana bin sa bashi.
Wannan daɓen naka ya haɗiye ku duka."

Ban ce komai ba.
Na ajiye kokon, na ɗauko wuƙa,
na ɗaye guda uku daga bakin ƙofa.
Simintin ya fito, baƙi, da ragowar gam.

Duk wanda ya zo yana cewa aikin bai ƙare ba.
Ni dai in na iso wurin
nakan ja ƙafar hagu da gangan,
in ji ta daga ciki:
"Ka sa sukari kuwa?"